Na Zambou Ya Warke

Tun kafin ka ga Tanyi Zambou za ka ji shi. Daga bakin ƙofar jami'a yake fara rigima da maigadi, kuma kullum maganar ɗaya ce: maigadi ya ce a buɗe buhu ya duba, shi kuma ya ce abin da ke cikin buhun nan ya fi ƙarfin idon mutumin da duk iliminsa ɗaga ƙarfen ƙofa ne da sauke shi. Sai kuma ka ji takalmansa na roba suna tahowa, sun yi kaca-kaca da jar laka, har barandar ɗakin gwajinmu. Ya jibge buhun, ya ƙwanƙwasa gilashin taga.

"Madam Dokta! Fito ki karɓi digirinki."

"Tanyi, sau nawa zan gaya maka ni ba dokta ba ce?"

"To su doktocin da me suka fi ki? Tumbi?"

Sunana Pelagie, ma'aikaciya ce ni a ɗakin, kuma ba a san ni da haƙuri ba. Ɗalibai sun fi tsorona a kan Farfesa, shugaban ɗakin. Amma wannan tsohon ban taɓa iya riƙe fushi da shi ba, ko ranar da ya tofar da tuƙar goro a tukunyar furena ya ce taki ne.

Aikinmu kiwon ƙwayoyin ciwon dajin huhu ne. Ba na kowa a garinmu ba ne, daga ƙasar waje aka aiko mana su cikin ƙanƙara, na wani bawan Allah da ya daɗe da rasuwa. Ni nake ciyar da su a 'yan farantan roba, cikin wani ruwa jaja-jaja, in jera su a akwatin ɗumi irin na masu ƙyanƙyasar kaji. In aka ɗauke wuta ni ce mai gudu da siket wajen janareta. Farfesa kullum cewa yake ba ƙullin da ke zaune wuri ɗaya ne yake kashe mutum ba, yawonsa ne, daga huhu zuwa ƙashi, zuwa hanta, zuwa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana neman itace ɗaya a dazukanmu da zai ɗaure wa abin nan ƙafa.

Yadda muke gwadawa ba wuya. In ƙwayoyin suka cika faranti suka shimfiɗu, sai in ɗauki ɗan tsinken roba in ja layi a tsakiya, in share hanya fayau. Wannan layin shi muke kira rauni. Sai a zuba ruwan ɓawon itace, a bar shi kwana ɗaya ko biyu, a duba a madubin da ke ƙara wa ƙwayoyi girma. In ƙwayoyin suka rarrafo daga gefe da gefe suka cike hanyar, mu rubuta raunin ya warke, ma'ana ɓawon bai tsinana komai ba, ciwon yana tafiyarsa. In kuwa raunin ya tsaya a wangale, ranar Farfesa har lemo yake saya mana. Mun saba da maganar har mun daina jin cewa a juye take.

Tanyi bai taɓa shiga ciki ba. Ɗakin ba ya son ƙura, shi kuwa da ƙura da laka aka halicce shi. Sau ɗaya ya tambaye ni me muke yi da kayansa, ina sauri na ce masa muna yi wa abin rauni ne mu zuba maganinsa mu ga yadda za ta kaya. Ya gyaɗa kai kamar wanda ya gane, ya ce ai haka ake yi.

A wani ƙauye aka haife shi a saman tsauni, inda ƙasa take yankewa ta gangara daji. Ya gaji gonar kofi daga ubansa lokacin da kofi yake kofi. Ya sayi keke da rediyo, ya yi rufin kwano, ya auri Odette, wadda a lokacin samari uku suke bi. Da ta haifa masa 'yan biyu mata, sunayensu na yanka suka ɓata: shi ya koma Tanyi, ita Manyi, uban tagwaye da uwar tagwaye, ko Fada a coci haka yake kiransu. Sai farashin kofi ya faɗi warwas. Maƙwabta suka sare nasu suka shuka kabeji da dankali. Zambou ya ce shi mutumin da ya saba hira da itace ba zai duƙa wa kabeji ba. Ya koma ga abin da kakarsa ta wajen uwa ta nuna masa yana yaro, ya riƙa gangarawa daji yana ɗebo ɓawo da saiwa, yana kasawa a kasuwa kusa da masu kayan yaji. A nan Farfesa ya tsince shi.

Yana da ƙa'idarsa. Ba ya zagaye itace da wuƙa. Gefe ɗaya yake ɓarewa, faɗin tafin hannu, sannan ya kwaɓa jar ƙasa ya shafe wurin. Bayan damina sai ya sake gangarawa, ba don ɗiba ba, don dubiya kawai. Ya dawo ya ba ni labari kamar na 'yan uwansa: wancan na bakin rafi ya warke, har ya yi ƙiba, wancan kuma na kan dutse har yanzu yana tsiyaya, bai ji daɗin ganinsa ba. Kada ku ɗauka waliyyi ne. Akwai cika baki. Ya taɓa kawo mana wani ɓawo yana rantsuwa shi ya tashi ƙanen wani basarake daga gadon mutuwa, muka ɓata wata guda a kansa, ashe na fiya ne, irin wadda ke bayan kowane gida.

Manyi ba ta taɓa yarda da aikin nan ba. Koki take sayarwa, alalen nan namu na manja da ake naɗewa a ganyen ayaba, kuma a wajenta nake saye duk ranar kasuwa. Ƙauyensu ɗaya da mahaifiyata, don haka 'yata take ce mini, ta ƙara mini gutsure, ta kuma ƙara mini da zagin mijinta.

"'Yata, don Allah gaya mini gaskiya, jami'ar taku itacen girki ta rasa?"

"Manyi, bincike muke yi."

"Bincike! Shekara nawa yana dawo mini da ƙaiƙayi da cizon ƙudan daji? Farfesan ɓawo! Ko ciwon haƙorina bai taɓa warkarwa ba."

In yana wurin sai ya yi dariya ya ce mata tsohuwa mai bakin barkono. Haka suka yi zamansu, ita tana caccaka, shi yana dariya, kuma in ta yi tafiyar kwana biyu zuwa Douala wajen 'ya'yanta ba ya iya cin abinci. Amma na san abin yana cinsa. Wata rana yana ɗaure bakin buhu, bai ko kalle ni ba, ya ce, "Bar ta. Wata rana a rediyo za ta ji."

Ɗakin girkinta kamar na iyayenmu duka yake: ba taga, saboda sanyin safiya, kuma saboda masarar da ke jibge a saman rufi tana son hayaƙi don kada ƙwari su ci. Gorar rufin ta yi baƙi har tana sheƙi. A nan ta yi sama da shekara arba'in tana hura wuta. Taba kuwa ko warinta ba ta so, ita ta raba Tanyi da lofe tun suna yara.

Tari ya fara mata a wata damina. Aka ce sanyi ne. Ya ƙi tafiya, ta fara ramewa, aka kai ta asibiti aka ce tarin fuka ne, aka ɗora ta a kan ƙwayoyin nan na wata da watanni. Ta shanye su tas, tari yana nan, ga ciwon baya ya ƙaru. Sai da 'yan biyun suka zo suka tayar da hankali aka kai ta babban gari, aka ɗauki hoton ƙirji, aka ciro ɗan nama aka aika gwaji. Da sakamakon ya fito Tanyi bai kai wa kowa ba sai ni. Ya miƙo mini takardar ta taga, ya ce in karanta masa, Faransancin likitoci ya fi ƙarfinsa.

Na karanta. Sunan da nake rubutawa a murfin farantaina kullum, shi ne a jikin takardar. Ciwon ya riga ya tsallaka ɗaya huhun, ya sauka a ƙashin baya. Likitoci sun ba ta ruwan maganin kashe zafi sun ce a koma da ita gida.

"Irin naku ne?" ya ce.

"Irinsa ne, Tanyi."

"To ai da sauƙi. Gida ya zo."

Na ji haushin wannan magana, na kuma ji tausayinsa har na rasa wanne zan fara nunawa. Na gaya masa, kuma na maimaita, cewa ko da wani ɓawo ya yi aiki a faranti, tsakaninsa da bakin mutum akwai shekaru: sai an gwada a ɓeraye, sai an san abin da yake yi wa hanta da ƙoda, kuma yawanci a hanya suke faɗuwa. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ke dai ki gwada, 'yata."

Ya ɓace kwanaki. Ya dawo ya rame, ƙafa a kumbure, da ɗan ƙunshi a cikin riga maimakon buhu. Wani itace ne can ƙasan gangare da kakarsa ta taɓa nuna masa ta ce na ranar tsanani ne, bai taɓa sa masa wuƙa ba. Ya roƙi Farfesa a tsallake layi a fara da shi. Farfesa mutum ne mai tsari, ba ya son a taɓa masa jerin aiki, amma ya kalli ƙafar tsohon ya ce in fara.

Abin yana ɗaukar makonni. A shanya, a niƙa, a jiƙa, a tace, a ƙafar da ruwan. Duk wannan lokacin Tanyi yana kan bencin baranda, ranar kasuwa da ranar da ba ta kasuwa ba. Ya daina ƙwanƙwasa taga. A nan ya gaya mini ya riga ya dafa ɓawon a gida, amma Manyi ta ƙi ko taɓa kofin.

"Ta ce in bar ta ta mutu da bakinta mai daɗi. Ta ce ranar da 'yan bokon suka ce yana aiki za ta sha, kafin nan in kai wa akuya."

"Ta yi daidai. Kada ka ba ta."

"Ku mata bakinku ɗaya. Abinci ma ta daina ci, Pelagie. Kunu cokali biyu, ta juya wa bango fuska."

Ranar Juma'a da rana muka duba farantan. Ni na riga na gani tun da safe, na kasa faɗa. Farfesa ya zo ya duƙa a kan madubin ya daɗe, ya canza faranti, ya sake canzawa. Ya miƙe ya cire tabarau yana murza ido, ya tsaya jikin tagar ofis da ke buɗe, ya ce cikin muryar gajiya, "Na Zambou ya warke. Ya warke tas, ko tabo babu."

Na ce bari in haɗa kayan in fita in gaya masa da kaina. Kafin in wanke hannu in cire farar riga in fito, benci ba kowa, sai hularsa. Na ɗauka ya zaga ne. Sai da zan tashi maigadi ya tare ni yana dariya.

"Madam, yau me kuka ba abokin gabata? Ya rungume ni fa! Ya ce maganinsa ya ci, ya ji da kunnensa daga bakin Farfesa. Ya haye acaɓa ko ciniki bai yi ba."

Faransancin Tanyi na kasuwa ne, amma kalmar warkewa ba wanda bai san ta ba. Na kira wayarsa, ba ta shiga, a ƙauyensu sai an hau kan tudu. Ga hadari ya haɗo, ba ɗan acaɓan da zai hau tsaunin nan da yamma cikin ruwa.

Da sassafe na tafi. Tun daga kwanar da ake shiga gidan na ji guɗa. An yanka akuya, katuwar tukunyar kondre tana kan wuta, ƙamshin agada da nama ya cika tsakar gida. Matan adashinta sun zo da ankonsu suna waƙa. 'Yan biyun, Solange da Sidonie, sun kwana a mota daga Douala. Ga jarkokin bammin tukurwa a jere. A tsakiya kuma, kan kujerar gora, cikin rana, ga Manyi da rigarta ta zuwa coci wadda yanzu mutum biyu irinta za su shiga. An ɗaura mata ɗankwali. Kwano ne a cinyarta, tana ci.

Tanyi yana rawa da wutsiyar doki a hannu, da kumburarriyar ƙafarsa. Yana ganina ya ɗaga murya.

"Ga shaida ta zo! Ku ba Madam Dokta kujera!"

Na kama hannunsa na ce ina son magana. Na ja shi bayan gida, wajen 'yan itatuwan kofin da ya ƙi sarewa. Akwai wake da aka shanya a tabarma. Na durƙusa na baje shi, na ja yatsa a tsakiya.

"Tanyi, wannan waken shi ne ciwon. Wannan layin shi ne raunin da muke yi. Ba jikin mutum muke yi wa rauni ba, su muke rabawa mu ga ko za su iya tafiya."

Yana murmushi har lokacin, yana haki saboda rawa. Na sa hannu biyu na turo waken daga gefe da gefe, a hankali, har layin ya ɓace.

"Wannan shi ne ya warke."

Ya kalli tabarmar. Murmushin bai tafi lokaci ɗaya ba, sai da ya ɗan tsaya a fuskarsa kamar bai san inda zai je ba. Ya ajiye wutsiyar dokin, ya durƙusa kusa da ni.

"Wato tafiya suka yi."

"Tafiya suka yi."

"Da maganina a kansu."

"Da shi a kansu. Bai tsayar da ko ɗaya ba."

Daga tsakar gida aka sake rangaɗa guɗa. Ya daɗe yana juya ƙwayar wake ɗaya a yatsa.

"To don me kuke ce masa warkewa? Duk kalmomin da ke cikin Faransanci, kun rasa wadda za ku ɗauka sai wannan?"

Na ce haka aka saba faɗa a ko'ina, haka muka koya. Ina faɗa ina jin kunyar amsar. Ya share fuska da gefen riga, ya ja majina, ya ce, "Kin ga tana cin abinci?"

"Na gani."

"Jiya da na gaya mata sai ta ce a ɗaga ta. Da kanta ta ce a yanka akuyar. Amma ta ce ba za ta sha ba sai ta ji daga bakinki, don ke ba ki iya ƙarya ba, ni kuwa da ita aka yanke mini cibiya." Ya kama hannuna. "Ki je ki faɗa mata abin da Farfesa ya ce. Shi kaɗai."

Raina ya ɓaci. Na fizge hannuna na ce ni ba a sa ni wannan, mace ce mai hankalinta, tana da haƙƙin sanin halin da take ciki.

"Wa ya ce ki yi ƙarya? Ya warke ko bai warke ba?"

"Tanyi, kada ka yi mini wayo."

"Halin da take ciki ta fi ki sani, a jikinta yake. Likitoci sun gaya mata, ta juya wa bango fuska tana jira. In kika faɗi taki gaskiyar yanzu, kwanon nan za ta ajiye. Me za ki ba ta a madadinsa? Kina da wani abu a jakarki?"

Ba ni da komai a jakata sai hularsa. Na yi kuka a wurin, kukan haushi, shi kuma yana ba ni haƙuri kamar ni ce mai mara lafiya. A ƙarshe na kafa masa sharaɗi: maganin asibiti ba za a fasa ba ko sau ɗaya, ɓawon kuma ɗan ƙanƙane zai riƙa jefawa, ruwa ya canza launi kawai, don ba mu san abin da zai yi wa hantarta ba. Ya ce ya ji.

Muna fitowa Manyi ta ɗaga hannu, waƙa ta tsaya. Muryarta ta dushe, sai na matsa kusa.

"'Yata, zo nan. Me kuke ƙullawa a bayan gida ke da saurayinki? Wannan tsohon ya cika mini gida da mutane. Gaya mini a gabansu. Abin da ya kawo, kun gwada?"

"Mun gwada, Manyi."

"Ya warke?"

Kowa ni yake kallo. Solange ta haɗa hannu a ƙirji. Ban kalli Tanyi ba.

"Ya warke," na ce. "Na gani da idona."

Guɗar da aka yi har kaji suka watse. Manyi ba ta yi guɗa ba. Ta juya tana kallon mijinta, ta daɗe, kamar yau aka kawo shi gidan.

"Zambou," ta ce. Ban taɓa jin ta kira shi da sunansa ba. "Ashe ba itacen girki kake kai musu ba." Ta juya ga matan. "Ku gan shi nan. Shekara da shekaru ina yi masa dariya a kasuwa, a gabanku. To yau a gabanku na janye. Mijina ya san abin da yake yi." Sannan ta miƙa hannu. "Kawo kofin naka, Farfesa."

Abin da ya jira rabin rayuwarsa ya ji ke nan. Na ga yadda ya shiga ɗakin girki, na ga yadda ya fito da kofin a hannu biyu, kofin yana rawa har yana zuba. Mutane suka ɗauka murna ce. Ya durƙusa ya riƙe mata ta sha, ta yamutsa fuska ta ce ɗacinsa kamar halinsa, aka yi dariya. Ni ban iya cin kondren nan ba.

Ta samu kwanaki masu kyau, wannan ba zan hana ba. Ta ci abinci, ta sa aka fito da ita rana kullum, ta koya wa Sidonie yadda ake naɗe koki kada ya tsiyaye, har ta yi faɗa da maƙwabciya a kan akuya. Duk wanda ya zo dubiya sai ta ba shi labarin mijinta da jami'a. Kowace safiya ita take tuna masa kofi. Shi kuma ya tashi ya hura wuta, ya jefa ɗan ɓawo, ya tsaya yana kallon ruwa yana canza launi. Bai gaya wa 'ya'yansa ba, bai gaya wa Fada ba. Ya daina zuwa wajenmu.

Daga nan abin ya ci gaba da tafiyarsa. Ƙafafunta suka daina ɗaukarta. Na je sau biyu. A na biyun tana kwance, numfashi yana yi mata wuya, amma da ta ga Tanyi ya shigo sai ta gyara fuska ta ce yau da sauƙi. Yana fita ta damƙe hannuna har farcenta ya shiga, ta ce kada in gaya masa bayan yana ci mata wuta, zai ga kamar maganinsa ne bai yi ba. Na fito na tarar da shi tsaye a jikin bango, ya ji komai.

Ta rasu farkon rani, da hantsi.

Bayan an binne ta na koma gaisuwa. Na same shi a inda mai takaba yake zama, a ƙasa, kan busasshen ganyen ayaba, an aske masa kai. Bai kai rabin Tanyin da na sani ba. Na zauna kusa da shi. Sai da masu gaisuwa suka ragu ya yi magana, idonsa a ƙasa.

"Kwana biyu kafin nan ta daina iya haɗiya. In na ba ta sai ya dawo. Ta ce in sake kawowa. Ya sake dawowa. Na ce Manyi bar shi haka, ta ce a'a, wahalata ba za ta tafi a banza ba."

Na ce Allah ya ji ƙanta, ta huta.

"Ba ki ji ba tukuna. Da safen ranar ta ce kowa ya fita. Ta ce, Zambou, maganinka mai kyau ne, jami'a ma ta shaida. Ni ce na makara. Ka kawo mini tun da wuri na ce ka kai wa akuya. Da na sha tun ranar, da yanzu ina kasuwa. Taurin kaina ne ya kashe ni, ya bar ka kai kaɗai, ya bar yaran nan ba uwa." Ya share ido. "Tana kuka, Pelagie. Matar da ko ranar haihuwar 'yan biyu ba ta yi kuka ba. Ta ce in yafe mata."

Na sunkuyar da kai.

"Na ce yanzu zan gaya mata. In ce ba ke ba ce, ko kin sha tun ranar farko ba abin da zai yi, ruwa ne mai launi. Na buɗe baki. Sai na ga yadda take kallona, irin kallon ranar akuyar nan. In na faɗa, ta tafi da sanin mijinta maƙaryaci ne, kuma farfesan banza. In ban faɗa ba, ta tafi da laifin da ba nata ba. Ga numfashi yana ƙarewa, ba lokacin tunani."

"Me ka ce mata, Tanyi?"

Ya ɗago ya kalle ni, hawaye yana bin gemunsa.

"Na ce na yafe miki."